Makon da Babanku Ya Sake Hawa Doki

Ummi, Sadik, wannan babin ne na daɗe ina tsallakewa. Na ba ku labarin tasowata a Zariya, na ba ku na zuwanmu Manchester da irin sanyin da ya tarbe mu, amma duk sanda na iso shekarar da Babanku ya bar mu, sai in tashi in ɗora tukunya. Yanzu gwiwoyina sun ƙi tsayuwar kicin, wurin gudu ya ƙare mini. Kowannenku yana riƙe da wani yanki na labarin, kuma na ga yadda yankin ya danne ku, musamman ke Ummi. Ga shi nan yadda ya faru, daga bakin wadda aka yi komai a gabanta.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne, lokacin da kowane mako sai ka ji an rufe wani abu. Babanku injiniyan magudanan ruwa ne, kamfanin da yake wa aiki kuma da kwangilar council, wato hukumar gari, yake rayuwa. Da aka daina gyaran tituna, aka kira shi ofis aka yi masa godiya, ya dawo gida da hoton ku biyu da kofin shayinsa a cikin leda. Cibiyar yara inda nake aiki a Longsight ita ma aka sa mata kwaɗo. Laburaren da yake zuwa karanta jarida ya koma rabin yini, daga baya ya zama gini kawai. A cikin wannan zaman ne ciwon suga da hawan jini suka gama da ƙodojinsa, aka ɗora shi a kan wankin ƙoda sau uku a mako. Motar asibiti takan zo ta ɗauke shi da safe, ta bi gida-gida tana kwasar wasu, ta dawo mini da shi da yamma fuskarsa kamar toka. Ruwan sha ma auna masa ake yi. Mutumin da yakan shanye butar shayi shi kaɗai ya koma tsotsar ƙanƙara don ya jiƙa maƙogwaro. Ranakun da ba shi da asibiti yakan zauna a kujerar bakin taga, yana kallon kwandunan shara da jan bulon gidan da ke fuskantarmu.

A nan ne ya fara maganar Mambila. Kun san a can aka haife shi, kusa da Nguroje, a kan tsauni inda mahaifinsa yake da garke. Abin da ba ku sani ba shi ne, duk tsawon aurenmu ba ya yawan ambaton wurin. Boko ta ɗauke shi yana yaro, ya sauko bai waiwaya ba. Amma da jikinsa ya gaza, bakinsa ya buɗe. Sai ya ba ni labarin yadda suke bin shanu a kan doki tun gajimare bai tashi daga ciyawa ba, da yadda yayarsa Goggo Dija, wadda ta goya shi, take ɓoye masa kindirmo a bayan randa. Ni 'yar birni ce, iyakar sanina da saniya a tukunya ne, sai in yi ta cewa uhm ina yankan albasa. Rannan ya ce mini, ba tare da ya juyo daga tagar ba:

"Binta, gida nake so in je."

Na kira ki a waya, Ummi. A lokacin kina likita a Birmingham, da ƙaramin ciki. Kika hawo jirgin ƙasa a ƙarshen mako, kika durƙusa a gaban kujerarsa kamar yadda aka koya miki, amma muryar asibiti kika yi masa magana da ita, rabi Hausa rabi Turanci.

"Baba, ba zai yiwu ba. Inda kake faɗa babu injin wanki. Mafi kusa yini guda ne a mota. Ka tsallake wanki biyu, shi ke nan, an gama."

"Na ji, likita," ya ce, yana murmushi.

Ba ki ji daɗin murmushin ba. Kika koma, kika yi ta bincike, bayan 'yan makonni kika bugo kina haki don murna.

"Mama, na samo masa Mambila a nan kusa! Gona ce ta shanu a kan tuddai, yamma da Birmingham, wajen iyakar Wales. Suna karɓar baƙi su kwana, su hau doki su bi garke. Na shirya masa wankinsa a nan wurinmu, ni zan riƙa kai shi ina dawo da shi."

Da bazara muka tafi, Sadik yana tuƙi, ya baro ɗakinsa na Fallowfield yana ƙorafin wai shi bai ga abin hutu a cikin kashin shanu ba. Muka ɗauke ki a Birmingham muka ci gaba. Da muka bar babban titi muka shiga wata siririyar hanya mai shinge hagu da dama, ƙasa ta fara tashi tana faɗuwa, kore shar har iyakar gani, Babanku ya sauke gilashi. Na ce sanyi zai kama shi. Bai ji ni ba. Hancinsa yake buɗewa yana shaƙar iska, warin da ya sa Sadik toshe hanci shi ya sa idon Babanku ya kawo ruwa.

Mai gonar wata Baturiya ce, Gwen, mai shekaru kamar nawa, gajeriya mai kaurin hannu, da takalmin roba har gwiwa. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya ya tafi birni aiki, shanun kuma su kaɗai ba sa riƙe gida, shi ya sa ta gyara ɗakuna a tsohon rumbu take saukar baƙi. Ta miƙa wa Babanku hannu ta kira shi da sunansa tsirara, abin da ni ban taɓa yi ba tun da aka kai ni gidansa. Ta kai mu bakin shinge ta nuna mana garkenta, jajaye masu farar fuska, gajeru, masu faɗin baya. Babanku ya daɗe yana kallonsu, sai ya fashe da dariya, dariyar da na manta yana da ita.

"Binta, dubi ikon Allah. Shanu babu tozo, babu ƙaho. Kamar an fara ƙera su aka tashi salla."

Ya tambayi Gwen yaushe ake tatsa. Ta ce ba a tatsarsu, na nama ne, nonon na maruƙa ne. Ya girgiza kai kamar an ce masa akwai garin da ba a gaisuwa. Daga nan suka shiga hirar ciyawa da kofato da ciwon da ke kama maraƙi in damina ta yi yawa, shi da Turancinsa na ofis, ita da nata na ƙauye, mu kuwa muka zama 'yan kallo.

Washegari aka fito da dawakai. Shi aka ba shi wani baƙin doki mai farin goshi, babba, mai sanyin hali. Gwen ta miƙo masa hular kwano, ya ce shi bai taɓa hawa da ita ba, ta ce to a gonarta ba mai hawa babu ita. Ya cire hularsa ya ba ni, ya ɗora kwanon. Akwai wani ɗan dandamali na katako da baƙi suke takawa su hau. Ya kalle shi ya kawar da kai. Ya kama sirdi, ya sa ƙafa a likkafa, ya yunƙura daga ƙasa. Jikin ya ƙi. Ya sake yunƙurawa, hannun da ake sa masa allurar wanki ya saki, ya dawo ƙasa yana tangaɗi, Sadik ya tare shi. Ke Ummi kina bakin ƙofar shinge, na ga kin cije leɓe. Ya tsaya ya numfasa, sannan ya ja dokin da kansa zuwa dandamalin, ya taka ya hau kamar kowane baƙo.

Amma da ya daidaita a kan sirdin, wani mutum na gani. Bayan da ya ranƙwafe a kujerar taga ya miƙe. Ya tattara linzamin a hannu ɗaya, ya ɗan taɓa dokin da diddige, dokin ya juya kamar sun daɗe da sanin juna. Shekaru da yawa ina auren mutumin nan, na san shi da kwat da jakar takardu, na san shi da jallabiya ranar Juma'a, ban taɓa ganin wannan ba. Na ji wani abu mai kama da kishi, don na gane akwai wani ɓangare nasa da aka ajiye tun kafin in zo, kuma ba ni aka ajiye wa ba.

Ni ma sai da aka ɗora ni. Wata tsohuwar goɗiya aka ba ni, mai faɗi kamar gado, na sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, na ɗora kwanon a kan mayafi, ina karanto duk addu'ar da na sani. Gwen ta riƙe ragamar tana ja. Sadik kuwa dokinsa ya gane ba shi da iko, duk inda ya ga ciyawa sai ya tsaya ya ci, shi yana ta ba shi haƙuri da Turanci. Babanku ya yi dariya har da tari. A makon nan ya ci abinci. Ya bi Gwen duba maruƙa, ya riƙe mata ƙofa tana ware waɗanda za a yi wa allura, ya dawo da taɓo har cinya. Ranakun wanki kina kai shi Birmingham, kin ce mini a hanya ba ya barci kamar yadda ya saba, labari yake ba ki. Kin riƙe hannuna a bayan rumbu kin ce:

"Mama, kin gani? Abin da yake buƙata ke nan. Duk shekara za mu kawo shi."

Na ce Allah ya sa. Har zuciyata na yarda da ke.

Ana gobe za mu tafi aka kora garken daga fadama zuwa makiyayar da ke kan tudu. Wannan shi ne babban aikin makon, kuma shi ne abin da ba ku gani ba, don ke cikinki ya hana ki hawa, Sadik kuma ya ce cinyoyinsa sun yi murabus. Gwen tana gaba a kan babur mai ƙafa huɗu da karenta, Babanku yana baya yana tattaro masu ratsewa, ni ina can ƙarshe, goɗiyata tana bin sahu ba da shawarata ba. Wata karsana ta ɓalle ta nufi rafi. Kafin kare ya juyo, Babanku ya saki linzami, dokin ya zabura, ya sha gabanta ya maido ta. Na ƙwalla masa kira, iska ta tafi da muryar. Da muka kai sama aka rufe ƙofa, shanun suka bazu suka sunkuyar da kai. Gwen ta ce za ta zagaya ta duba shinge. Babanku ya zamo daga kan dokin a hankali, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ya zauna a cikin ciyawa yana haki, leɓɓansa sun bushe. Na sauko yadda Allah ya nufa na zauna kusa da shi. Daga wurin ana hango tuddai suna bin juna, inuwar gajimare tana tafiya a kansu.

"Ka ga Mambilarka," na ce.

Ya tsinko ciyawa ya murza ya shinshina.

"Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Ta so ta kashe mini ƙishi, sai ta ƙara mini shi. Binta, wurin nan yana da kyau, amma na wata ne. Gobe za a karɓi dokin a ba wani. Ni kabarin Inna da na Baffa nake so in tsaya a kai. Dija idonta yana tafiya, ina so ta gan ni kafin ya rufe."

"Ka ji abin da Ummi ta ce."

"Na ji. Ba magani zan bari ba, ni ba mai sa kansa a halaka ba ne. Akwai inji a Yola, ɗan'uwana Sale yana can. A wanke ni, in hau, in kwana kaɗan, in sauko a sake wanke ni."

"In hanya ta ɓaci fa? In jikinka ya ƙi?"

"Sai abin da Allah ya yi."

"Ban yarda ba," na ce. Ban taɓa faɗa masa wannan kalmar kai tsaye ba sai ranar.

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa.

"To shi ke nan. Ba zan tafi in bar ki da ɓacin rai ba. Ranar da kika ce to, ranar zan fara shiri. In ba ki ce ba, ba zan sake tayar miki da maganar ba."

Da yammar na shiga kicin ɗin Gwen mayar da kwanuka, ta ga idona, ta ja mini kujera ta ɗora shayi. Ban san me ya sa na faɗa mata ba, wataƙila don na san ba za mu sake haɗuwa ba. Na zaci mace mai shanu za ta goyi bayansa. Sai ta ajiye kofinta ta ce:

"Kada ki bar shi ya tafi. Nawa mijin ya yi ta roƙona in fito da shi daga asibiti, na ƙi, ya yi fushi da ni har ƙarshe, kuma ban yi nadama ba. Na samu wata biyu da ba zan samu ba. Gara yana zaune yana hararar ki da ki wayi gari kujerar ba kowa."

Da wannan maganar na koma Manchester, na riƙe ta da hannu biyu. Ina so ku san wannan, don na ji an ce wai tun a gonar muka ƙulla, wai ko gardama ban yi masa ba. Bazara ta wuce, wata ya bi wata, ina kan ƙin yarda. Shi kuma ya cika alkawari, ko sau ɗaya bai sake cewa Mambila ba. Da ma ya yi ta faɗa da ni, da ya fi mini sauƙi. Ya koma kujerarsa, ya ci abin da na ba shi, ya yi mini sannu, ya bi motar asibiti ya dawo. Rigar sanyin da ya hau doki da ita ce kawai ya hana ni wankewa. Tana rataye a bayan ƙofa da warin doki da gashinsa, wani lokaci in na fito daga kicin sai in tarar ya ɗauko ta ya ɗora a cinya. Abin da nake faɗa wa kaina shi ne, sunansa yana cikin masu jiran dashen ƙoda. In aka samu aka dasa masa, sai mu tafi tare hankali kwance, har da ku.

Sai aka kira mu ganin babban likita. Ya yi mana bayani a hankali, da ladabi, cewa zuciyar Babanku ta yi rauni, ba za ta ɗauki aikin dashe ba, an cire shi daga masu jira. Za a ci gaba da wanki iyakar yadda jiki ya ɗauka. Babanku ya yi masa godiya har da tambayar iyalinsa. Muka fito muka hau bas ta Stockport Road. Ana yayyafi, gilashin ya yi gumi, 'yan makaranta suna ta hayaniya a baya. Ya sa hannu ya goge gilashin ya leƙa, babu abin gani sai shagunan waya da na nama, ya bar hannun ya faɗi a cinyarsa. Na kalli hannun nan, duk tabon allura. Na tambayi kaina, yanzu me nake ce masa ya jira? Kafin mu kai tasharmu na ce:

"To."

"To me?"

"To. Amma da ni za a je."

Ya kama gefen mayafina ya riƙe har muka sauka.

Mu biyu muka je Birmingham muka faɗa miki, don ya ce ba maganar waya ba ce. Cikinki ya tsufa, kina zaune da ƙafafu a kan matashi. Ba ki yi masa musu ba, ni kika juyo wa.

"Mama, ke ce kaɗai za ki iya hana shi, kuma kin sani. Zai iya shekaru a haka. Zai ga jikansa, zai gan shi yana tafiya. Da hannunki za ki kai shi?"

Sannan kika rufe fuska kika ce da Turanci, da ma ba ki kai shi gonar nan ba. Babanku ya taso da ƙyar ya dafa kanki.

"Ummi, zan dawo kafin suna. Ni zan yi masa huɗuba a kunne. Na yi miki alkawari."

Ba ki ɗago ba. Sadik ne ya kai mu filin jirgi, yana ta maganar ƙwallo duk hanya don kada a yi shiru, da muka zo rabuwa ya rungume Babanku ya ƙi saki.

A Yola Bappanku Sale ya shirya komai. Aka yi masa wanki lafiya, ya huta, aka sake yi masa, muka kama hanya da asuba a motar Bappa. Tafiya ce mai tsawo, ƙarshenta hawa ne mai murɗe-murɗe, dutse a gefe ɗaya, rami a ɗayan. Da muka kai sama na gane abin da yake nufi. Tuddan sun yi kama da na Gwen, amma a nan kowane tudu yana da suna a bakinsa, kowane rafi akwai wanda ya taɓa faɗawa ciki. Goggo Dija ta fito tana lalube, ta kama fuskarsa da hannu biyu ta matso da ita daf da idonta, ta yi ta kiransa da wani suna na yarinta da ban taɓa ji ba. Ya je kabarin iyayensa ya daɗe. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa, tsofaffi masu sanduna, suna zama suna tuna masa ɓarnar da ya yi yana yaro. 'Ya'yan 'yan'uwansa suka kawo masa doki da sirdi, wai an ce musu har a Turai ya hau. Ya shafa wuyan dokin ya ce a mayar, shi ya riga ya yi hawansa, 'yarsa ta ɗora shi. Don haka ki sani, Ummi, hawansa na ƙarshe a duniya naki ne, kuma da alfahari yake faɗarsa. Maganar gida tana bakinsa tun kafin ki san akwai wata Gwen. Ba ke kika sa masa ita ba.

Kun ɗauka da ya ga gida sai ya ƙi saukowa, ya zaɓi ya mutu a can. Ban san wa ya faɗa muku haka ba, ko ku kuka faɗa wa kanku. Ba haka aka yi ba. Tun kafin ranar da muka tsayar ta zo, ya tashi da safe ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana yi masa nauyi. Goggo Dija ta ce ya ƙara kwana ɗaya ya huta. Ya ce:

"A'a, Adda. Sale, tayar da mota. Na yi wa yarinyar nan alkawari."

An kwana ana ruwa. Muka fara gangarowa, muka yi nisa, sai muka tarar da layin motoci. Ƙasa ta zaftaro daga jikin dutse ta rufe hanya, wata babbar mota ta kafe a cikin laka ta tare sauran. Maza suka fita da shebur da hannu, Bappa Sale ya tuɓe riga ya shiga cikinsu, yana roƙon mutane yana cewa da marar lafiya a mota. Sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu. Rana ta take, ta karkata, muna nan. Na kwantar da kan Babanku a cinyata a kujerar baya, na buɗe ƙofofi don ya sami iska. Yana jin tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Ya riƙe hannuna da ƙarfi, yana tambaya ko an buɗe, ina ce masa saura kaɗan. Can ya ce:

"Kira mini Ummi."

Na danna lambarki. Babu sabis a wannan kwanar, dutse ya tare. Na miƙa hannu ta taga na ɗaga wayar sama, na juya ta nan na juya ta can. Wani direba ya karɓa ya hau kan motarsa da ita, ya sauko yana girgiza kai.

"Faɗa mini, in na same ta zan isar," na ce.

"A'a. Ita zan faɗa wa da bakina. Sake gwadawa."

Ina cikin sake gwadawa aka buɗe hanya. Bappa ya shigo da laka har wuya ya tayar da mota, muka wuce, muka ci gaba da gangara. Ba mu kai ƙasa ba na ji yana kalmar shahada a hankali, na taya shi, hannun da ke riƙe da nawa ya saki.

A garin da ke gindin tsaunin aka yi masa sutura, kafin rana ta faɗi, cikin mutanen da ba su san shi ba amma suka cika sahu. A nan wayar ta kama. Na kira ki, kina jin muryata kika ce kin sani, kika kashe. Ina cikin takaba a Yola kika haihu, aka yi suna ban je ba, a hoton da Sadik ya turo mini a waya na fara ganin yaron. Da na dawo kin karɓe ni, kin ba ni shi na goya, ba ki taɓa ɗaga mini murya ba. Amma tun daga lokacin gaisuwarmu ta koma irin ta maƙwabta, duk sanda na buɗe baki zan ambaci tafiyar sai ki tashi ki ce yaro yana kuka. Ban ga laifinki ba. Wataƙila da na bi maganar Gwen da ya ga jikansa yana tafiya, kamar yadda kika ce. Na auna wannan fiye da yadda kike zato, kuma har yau in aka mayar da ni cikin bas ɗin nan, ban ga wata kalmar da zan iya faɗa masa ba sai wadda na faɗa.

Ban san abin da ya so ya gaya miki ba. Da na sani da ban riƙe shi shekarun nan ba, kuma ba zan ƙirƙiro miki wani abu in sa a bakinsa ba. Abin da na sani shi ne wanda na gani da idona. Babanki bai tafi don ya guje muku ba, kuma bai karya alkawari da gangan ba. Motar da ya cika a cikinta, Ummi, wajenki ta nufa.